Littafin Fata a Gidan Mai Shayi

Shekarar da aka rufe iyaka, wutar lantarki ta daina zuwa mana daga Najeriya, a daminarta abin nan ya same ni. Ba na mantawa, domin a lokacin sukari da madarar gwangwani ba su shigowa Konni sai ta daji, a bayan baburan kabu-kabu, kuma duk kwalin da ya iso teburina da laka a jikinsa yake isowa.

Ni mai shayi ne a bakin tasha. Tun ina saurayi nake wannan sana'a, shayi da burodi da ƙwai, daga asuba zuwa hantsi, sannan in sake fitowa da yamma. Direbobi da ƴan lodi da masu kabu-kabu su ne mutanena. Bayan azahar kuma ina zuwa ajin manya a lakwal, makarantar boko ta unguwarmu, inda ake koya mana karatun Hausa da boko. Da furfura a gemuna na shiga, kuma a shekarar na kai ina karanta layi guda ni kaɗai, in ba a gaggauta ni ba.

Autan ɗakinmu likita ne. Shi kaɗai aka sa lakwal a cikinmu. Da ya gama karatun likita sai ya sake komawa Yamai, wai zai ƙware a kan ciwon fata. Tsohuwarmu ba ta taɓa gamsuwa da wannan ba. Takan ce mutum ya kwashe shekaru yana karatu, ana jiran ya iya tsaga ciki ya ɗinke, sai ya ƙare a kan ƙazwa da makero, abin da kowace kaka take magani da man kaɗanya. Shi kuwa dariya yake yi, ya ce mata ranar da ƙaiƙayi ya hana ta sakat za ta neme shi.

Ban da ɗan abin da ake ba shi na ci da haya, akwai wani kuɗi da ake ba masu irin karatunsa sau ɗaya a shekara, don kayan karatu. Ranar da ya faɗa mana a waya cewa kuɗin ya fito, kowa ya kashe shi a zuciyarsa tun kafin a aje wayar. Tsohuwa ta so a tada katangar gidanmu na ƙauye, can wajen Tajaye, wadda ruwa ya ci gindinta. Ni kuwa na hango rumfar kwano a kan teburina maimakon tabarmar da nake ɗaurawa. Ya saurare mu, sannan ya ce kuɗin da sunansa ya zo, kuma za a tambaye shi abin da ya yi da shi. Abu biyu zai saya. Na farko wani ɗan madubi mai fitila a ciki, kamar ƙaramar tocila, da ake ɗorawa a kan fata a ga abin da ido ba ya gani. Na biyu wani babban littafi mai hotuna. Ya ce littattafan da suke da su can duk jikin Turawa ne a ciki, kuma abin da ya fito ja a jikin Bature ba ja yake fitowa a jikinmu ba. Shi yana son wanda aka ɗauki hotunansa a jikin baƙar fata. Tsohuwa ta ce wato katanga ta faɗi don a sayi hoton ƙuraje. Ta yi kwanaki ba ta karɓar wayarsa.

Madubin ya same shi a Yamai. Littafin kuwa sai a Najeriya, kuma shi ya cinye mafi yawan kuɗin. Wani abokinsa ya sayo ya kawo har Sakkwato, a nan rufe iyaka ya tarar da shi. Da zama ya yi yawa, sai aka shirya a ba wani mai kabu-kabu ya biyo da shi ta daji, ya sauke a teburina, ni in aje har ƙanena ya samu zuwa.

Da hantsi mutumin ya iso, wandonsa jiƙe har cinya. Ya ce a kwari suka faɗi, shi da babur da kaya, Allah ya sa ruwan bai tafi da su ba. Kwalin ya yi laushi, ruwa na ɗiga daga gindinsa. Na kira ƙanena na gaya masa. Daga nan ya ce in tashi yanzu in tafi gida da shi. Kada in sa shi a rana, kada in kai shi kusa da wuta. In nemi inuwa mai iska, in riƙa buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya ina sa busasshiyar takarda a tsakani, domin takardar mai sulɓi ce, in ta bushe a manne ba mai raba ta. Ya ce, "Yaya, don Allah kak ka gaji da shi. Shekara guda ce a hannunka."

Haƙuri ba ya yi mini wuya. Na kwashi takardar buhun siminti da nake naɗe burodi, irin wadda ake kawo mana daga Malbaza, na yayyanka daidai girman littafin. Na shimfiɗa tabarma a zaure na fara. Littafin ya kai nauyin tubali biyu. Shafi yakan kama ɗan'uwansa, sai in zura bakin wuƙar burodi a hankali in raba su, in shafe da tsumma, in sa takarda, in wuce. Rubutun Ingilishi ne, baƙaƙen na san su amma ba su ce mini komai. Hotunan kuwa ba su buƙatar malami. Na ga baya da ƙirji da tafin ƙafa da kan jarirai, na mutane masu kala irin tamu, an rufe idanunsu da baƙin layi. Na ga abin da na sani, na ga abin da ban taɓa zaton jikin ɗan Adam yana yi ba. Maiɗakina ta leƙo sau ɗaya, ta ce a'uzu billahi, ta hana yara shiga zauren.

Da yinin farko da na biyu na wuce rabin littafin. A rana ta uku na buɗe wani shafi, na ga hannun wani mutum, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Sama da wuyan hannun akwai tabo guda, mai haske, ba fari fat ba, kamar shayin da aka cika wa madara. Gefensa a zagaye. Na dubi hoton, na dubi hannuna na dama da ke riƙe da shafin. Nawa yana nan a wuri ɗaya. Tun bazara na lura da shi, ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, na bar shi a kan zafin wuta ne ko sabulu.

Har na ji daɗi da farko. Na ce to ga shi a littafi, in yaron nan ya zo zai faɗa mini sunansa. Sai na zura wuƙa na ɗaga shafi na gaba. Wani tabo ne a kafaɗar wata mata, ya fi na farko faɗi. Na gaba, fuskar mutum ce ta yi kauri, girarsa ta zube. Na gaba, hannaye biyu a kan farin ƙyalle, yatsun sun lanƙwashe. Na ƙarshen da na gani, babu yatsun.

A littafin da ake koya mana a aji, hotuna labari suke bayarwa. A na farko mutum yana shuka, a na biyu gero ya tsiro, a na uku ya yi kai, a na huɗu ana ɗaurin dami. Malaminmu yakan ce mu bi su a jere, na baya shi ke haifar na gaba. Littafin da na sani ke nan, kuma haka na karanta wannan. Hoton farko ni ne yau. Sauran kuma ni ne, in an jima.

Na rufe littafin. Ban san lokacin da na rufe shi ba. Na naɗe shi a buhu da sauran danshinsa, na tura shi ƙarƙashin gado. Da ƙanena ya kira da yamma na ce ana nan ana yi.

Ba haka kawai tsoron ya kama ni ba. Muna yara a ƙauye, ƙanen babanmu ya yi kuturta. An yi masa bukka a ƙarshen gona, ana aje masa tuwo a bakin wata ƙwarya da ba ta komawa gida. Mutum ne mai fara'a, yakan kira mu daga nesa ya tambayi labarin gari, mu tsaya inda aka ce mu tsaya mu amsa. Wata rana na ga yana gyara wutarsa, ya ɗauki garwashi da hannu ya mayar, yana ci gaba da magana, bai ko dubi hannun ba. A gidanmu ba a kiran sunan ciwon. Amma na sha jin manya suna cewa jini yake bi, yakan tsallake ɗa ya kama jika, ko ɗan ɗan'uwa.

Garwashin nan na tuna washegari da asuba, ina tsaye gaban wutata. Na dubi babbar butar shayi tana tafasa, na ɗora yatsuna a marfinta. Na ji ɗumi, amma ba zafin da zai sa mutum ya fizge hannu ba. Na bar su a kai. Wani ɗan lodi da ke jiran shayinsa ya miƙa hannu ya taɓa gefen marfin don wasa, ya yi tsalle yana yarfa hannu, ya ce mai shayi, kai ba mutum ba ne, hannunka na ƙarfe ne. Mutane suka yi dariya. Ni ma na buɗe baki kamar mai dariya.

Daga ranar kullum sai na gwada. Marfin buta, bakin kaskon ƙwai, kofin da aka zuba wa ruwan zafi. Kullum amsar ɗaya ce. Na koma sa riga mai dogon hannu, na ɓalle maɓallin wuyan hannu, a cikin zufar damina. Wani direba da muka saba ya ce ko an ɗauke ni aikin ofis a buro ne ban faɗa musu ba, saura in ɗaura karabat a wuya. In na miƙa wa mutum burodi sai in ga idonsa kamar a hannuna yake. Na san yadda tasha take. Ran da mutum ɗaya ya ga tabon ya ambaci sunan ciwon, kafin azahar labari ya kai Malbaza a bakin direbobi, kuma ba wanda zai sake shan abin da hannuna ya dama. Ba mugunta ba ce. Ni ma da ba zan sha ba.

A gida na ware kofina da kwanona, na ce mura nake ji. Ƙaramar ƴata takan rugo ta kama hannuna in na dawo, sai na koma shigowa da kaya a hannu biyu. A masallaci na koma ƙarshen sahu, in an sallame in fice kafin a fara gaisawa. Ajin ma na daina zuwa, domin benci ɗaya muke zama, kuma malamin yakan kama hannun mutum ya gyara masa riƙon alƙalami. Wata safiya wani fasinja ya kama wuyan hannuna yana roƙon in ƙara masa sukari, yatsansa a kan rigar, daidai wurin. Da ya sake ni na kashe wuta. Na gaya wa mutanen tasha sukari ya yi tsada, zan huta har a buɗe iyaka.

Ƙanena likitan fata ne, kuma wayar da zan kira shi da ita tana aljihuna. Na sha ɗauko ta in mayar. Ina ganin muddin bai faɗa ba, abin bai tabbata ba. In ya faɗa kuwa, dole ya rubuta, dole a sani a asibiti, kuma asibitin Konni ba ya rabuwa da wanda ya san ni.

Akwai wani wanzami a wani ƙauye ta wajen Alela da na taɓa jin direbobi suna cewa yana kashe tabo tun bai yaɗu ba. Na sayar da tunkiya na hau kabu-kabu ran kasuwarsu, inda ba wanda ya san fuskata. Dattijo ne mai natsuwa. Ya kai ni bayan gidansa, ya duba hannun, bai kira sunan komai ba. Ya tambaya ko akwai a dangi, na ce akwai. Ya gyaɗa kai ya ce na yi dabara da na zo da wuri, irin wannan a gidansa ake tare shi kafin ya shiga jini. Ya yi tsaga a kewayen tabon da cikinsa, ya kafa ƙaho ya ja jini. Sannan ya karyo reshen tinya, ya ɗiga farin ruwanta a kan tsagar, ya haɗa da wani baƙin gari ya shafe, ya ɗaure da tsumma. Ya ce kada in kwance sai ya yi kwanaki, kada in ci naman akuya, kada in ci kifi, kada in sha nono. Kafin mu kai bakin titi hannun ya fara ci kamar an zuba garwashi a cikin tsumman. Ya riga ya gaya mini in na ji haka ciwon ne yake fita, don haka na cije.

Da na kwance tsumman, babu tabo. Babu fatar ma. Wurin ya zama gyambo mai faɗi, ya kumbura har yatsu, ya fara ruwa, daga baya ya fara wari. Masassara ta riƙa kama ni da yamma. Na gaya wa maiɗakina buta ce ta kife mini. Ta shekara ashirin tana ganin ƙunar buta a hannuna. Ta dubi wannan, ta kawo ruwan ɗumi da gishiri ta wanke. Ashe da na shiga ɗaki ta ɗauki wayata ta tafi gidan maƙwabta aka nemo mata lambar ƙanena.

Bayan kwana biyu ina kwance a zaure da rana tsaka sai na ji sallamarsa. Ya shigo da ƴar jaka, ƙurar mota a kansa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya tsuguna ya kama hannun, ni kuwa na janye. Ya sake kamawa da hannunsa biyu, ba safar roba, ba komai, ya kwance tsumman.

"Yaya, wa ya yi maka wanga aiki?"

Na ce buta. Ya ce buta ba ta tsaga a jere. Maiɗakina tana tsaye bakin ƙofa. Na dube ta, na dube shi, na ga ba sauran wurin ɓuya. Na gaya masa komai, tun daga hoton har wanzami, kuma a karo na farko na kira sunan ciwon da bakina. Muryata ta fito kamar ba tawa ba.

Bai yi faɗa ba. Ya ce ko da shi ne, yanzu akwai magani, ƙwayoyi ne ake sha wasu watanni, kyauta ake bayarwa, kuma wanda aka kama da wuri ba ya rasa ko farce. Ƙanen babanmu zamani ne bai same shi ba. Na ji maganar, amma abin da kunnena ya riƙe shi ne "ko da shi ne." Ya matsa jijiyar da ke bayan gwiwar hannuna, ya matsa ta ɗaya hannun, ya duba ƙafafuna da kunnuwana. Na ce masa yatsuna ba su jin wuta. Ya juya tafin hannuna ya danna kan yatsun da farcensa, ya ce wannan kanta ce, ta fi ta ƙafar raƙumi, shekara nawa kana ɗaukar buta ba tsumma? Ya taɓa bayan yatsun, inda ba kanta, na ji sarai. Sannan ya fito da ɗan madubin nasa, ya kunna, ya kai kusa da gyambon, ya kashe.

"Fatar da zan tambaya ita ce aka ƙone," in ji shi. "Da ka bar min tabon, yau da na faɗa maka. Yanzu sai dai mu jira mu ga ko wani zai fito."

Na tambaye shi jiran na yaushe ne. Ya ce wata shida, shekara, ba shi da tabbas. Na ji zauren ya yi mini ƙanƙanta. Shekara guda ina duba jikina kowace safiya, ban san ko zan iya ba.

Sai maiɗakina ta ce, daga bakin ƙofa, ba ta dubi kowa ba, "Akwai wani a bayansa. Ƙarƙashin kafaɗa."

Muka juya gare ta. Ta ce tun bazara ta gan shi, lokacin da nake kwana ba riga. Ta san labarin ƙanen babanmu tun kafin a kawo ta gidan. Ba ta faɗa mini ba don kada hankalina ya tashi, sai dai ta daina sa naman akuya a miya, tana addu'a. Ƙanena ya dube ta ya ce sannu malama likita, ashe asibiti biyu ake yi a gidan nan, ba wanda ya san da ɗaya. Ta ce kai dai duba, ai don wannan ka hana Inna katangarta.

Ya sa na tuɓe riga na juya masa baya. Ya nemi auduga, ta ciro daga bakin matashi. Ya murza ta ta yi siriri kamar gashi. Ya ce in rufe ido, duk lokacin da na ji an taɓa ni in ce na ji, kada in yi ƙarya don in faranta wa kowa, domin ƙarya a nan ni za ta cuta. In wurin ba ya ji, to shi ne. In yana ji, ba shi ba ne.

Na rufe ido. Na ji a wuyana, na ce na ji. Na ji a kafaɗar hagu, na ce na ji. Daga nan shiru. Ina jin numfashinsa a bayana, ina jin kaji a tsakar gida, ina jin wani babur ya wuce a waje. A bayana ba komai. Na ce a raina yanzu haka yana kan tabon, yana gogawa yana sake gogawa, matata tana kallo, ni kuwa ina zaune kamar gungume. Bakina ya so ya ce na ji. Na danne shi da haƙori. Na fara karanta abin da ya zo mini, ban ma san wace sura ba ce. Na ga bukkar nan ta ƙarshen gona, da ƙwaryar, da inda aka ce yara su tsaya.

Sai wani abu ya ɗan shafe ni ƙarƙashin kafaɗar dama, kamar ƙafar ƙuda.

"Na ji."

Ya sake, na ce na ji. Ya sake gefe kaɗan, na ce na ji. Ya ce buɗe idonka, Yaya, tsakiyar tabon ke nan, sau uku. Na tambaye shi shirun nan fa. Ya ce hannunsa a sama yake, bai taɓa ni ba, yana so ya ga ko zan yi masa ƙarya ne.

Ya kankari wurin da bakin farce, wani ɗan gari fari ya tashi. Ya ɗora madubin ya kunna, ya kira maiɗakina ta sa ido. Ta ce kamar dusa. Ya ce ƙyasbi ne, irin na yara, sai dai a jikin babba mai yini gaban wuta yana zufa yakan fito da faɗi haka. Sabulun magani da man shafawa, shi ke nan.

Da ya huta ya sha ruwa ya ce a kawo masa littafinsa. Na jawo buhun daga ƙarƙashin gado. Tun kafin a buɗe warin funfuna ya fito. Gaban littafin, inda na sa takardun siminti, ya bushe lafiya, sai ɗan lanƙwasa. Daga inda na tsaya zuwa ƙarshe ya zama dunƙule ɗaya, baƙi-baƙi a gefe. Ya zura farce ya gwada ɗaga shafi, fuskar hoton ta biyo ɗan'uwanta ta yage. Ya daina. Ya buɗe wurin hannun mutumin nan ya nuna mini cewa nan babi ya ƙare, na cututtukan da ke kama da ƙyasbi. Shafin da ke biye sabon babi ne, ga babban rubutu a samansa da wata kala dabam. Mutanen da ke ciki ba su san juna ba, ba ciwo ɗaya gare su ba. Na ga rubutun tun ranar da na buɗe wurin. Na ɗauka ado ne.

Ya daɗe yana riƙe da dunƙulen a cinyarsa. Na tambaya ko za a sake ba shi kuɗin. Ya ce sai baɗi, kuma na baɗi akwai abin da ke jiransa. Zai riƙa aron na wani in ya samu. Daga nan ya ce in sa riga mu tafi asibiti, gyambon nan shi ne abin tsoro yanzu, ya kusa kai jijiya.

Gyambon ya ɗauki sauran damina da kaka kafin ya rufe. Da ya warke sai fatar ta tattare ta ja wuyan hannun, ba ya miƙewa sosai, babbar buta kuma sai da hagu. Da na koma tasha na tarar wani ya kafa teburinsa a wurina, mutanena suna zaune a bencinsa. Suka gaishe ni da fara'a, suka ce ina na shiga. Na samu wani wuri can baya, kusa da masu faci.

Abin da ya tafi ke nan: wurina na bakin tasha. Tumaki biyu, ɗaya ga wanzami, ɗaya ga magani. Karatun shekara guda a aji, domin da na koma sai da na sake daga baya. Fata mai faɗin tafin hannu, wadda har yau ba ta jin zafi ba ta jin sanyi. Da kusan kashi ɗaya cikin uku na littafin ƙanena.